Talaka ko mai rufin asiri, ɗan lema ko ɗan giwa: Yadda mutanen Tamale ke auna kansu

Duk baƙon da ya shiga Tamale, babban birnin Jihar Arewa a Ghana, abu biyu ne za su fara ɗaukar hankalinsa: yawan babura, da kuma rumfunan hira da ke bakin titi. Yawancin rumfunan nan an shafe su da fenti. Wasu na ɗauke da launin kore da fari da ja da baƙi tare da hoton lema, alamar jam'iyyar NDC. Wasu kuma ja da fari da shuɗi ne tare da hoton giwa, alamar NPP. A kan bencin kowace rumfa za ka tarar da mai gyaran babur, da malamin makaranta, da ɗan kasuwa, da saurayin da ya gama jami'a yana jiran aiki, duk suna shan shayi daga buta ɗaya.

Ka tsallaka titi zuwa rumfar ɗaya jam'iyyar, irin waɗannan mutanen za ka sake tararwa. Aljihunsu ɗaya, sana'arsu ɗaya, masallacinsu ma wani lokaci ɗaya ne. To me ya raba su? Kuma idan aka tambayi ɗayansu ko shi talaka ne ko mai hali, da wane ma'auni yake ba da amsa?

Tambayar ta shafi Hausawan zango kai tsaye, domin a Tamale su tsiraru ne a cikin Dagombawa, kamar yadda ’yan uwansu suke tsiraru a Kumasi da Wagadugu da Abijan da Yawunde. Yadda al'umma take kallon kanta shi ke nuna abin da za ta nema wajen ’yan siyasa, da kuma farashin da za a saya mata ƙuri'a.

Wane ne talaka?

A Hausa kalmar talaka tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai talaka wanda ba shi da abin hannu, akwai kuma talaka wanda ake mulka, wato wanda ba shi da sarauta. Shi ya sa attajirin da ke da manyan motoci zai iya durƙusawa a fada ya ce shi talakan sarki ne, kuma bai yi ƙarya ba.

Dagombawa ma suna da irin wannan rabon. A masarautar Dagbon, wadda fadarta ke Yendi, akwai nabihi, wato ’ya'yan sarauta, akwai tarimba, wato talakawan gari, akwai afanima, malaman addini, akwai kuma lunsi, makaɗan da ke riƙe da tarihin sarakuna. Matsayin nan gado ne, kuɗi ba ya sauya shi. Ɗan sarautar da ke tuƙa keke mai ƙafa uku yana iya jin ya fi mai shagon da ke ba shi bashi daraja.

Bahaushen zango yana wajen wannan tsani. Yana da nasa sarkin zango da limamai da masu unguwa, amma ƙasa da sarautar gari na Dagombawa ne. Don haka a zango an fi auna mutum da abubuwa uku: ilimin addini, da kasuwanci, da yawan mutanen da ke ci a ƙarƙashinsa. Wanda ya je Makka, yake ciyar da gida mai mutum ashirin, ake sallama a ƙofarsa in an yi haihuwa ko rasuwa, shi ne babban mutum ko da ba shi da ko sisi a banki.

Tsakanin talaka da attajiri kuwa akwai kalmar da mafi yawan mutane suka fi so su kira kansu da ita: mai rufin asiri. Ka tambayi mai sayar da albasa a kasuwar Aboabo yaya kasuwa, zai ce alhamdulillahi, asiri a rufe. Ka tambayi wanda ke da gidajen haya huɗu, amsar da zai ba ka ke nan. Na farko yana gudun a raina shi. Na biyu yana gudun baki da hassada da layin masu neman taimako. Kowa ya ja kansa zuwa tsakiya, kowa da dalilinsa.

Me alƙaluma ke cewa?

Masana tattalin arziki suna da nasu ma'auni. A wani rahoto na 2011, Bankin Raya Afirka ya ce duk mai kashe dala 2 zuwa 20 a rana yana cikin masu matsakaicin hali, kuma bisa wannan lissafi kusan kashi ɗaya cikin uku na ’yan Afirka sun shiga rukunin. Sai dai rahoton da kansa ya nuna cewa mafi yawansu masu kashe dala 2 zuwa 4 ne, waɗanda ciwo ɗaya ko fari ɗaya kan iya mayar da su cikin talauci.

Ƙungiyar Afrobarometer, wadda hedkwatarta ke Akra, ta bi wata hanyar. Maimakon ta tambayi mutum nawa yake samu, sai ta tambaye shi sau nawa a cikin shekara shi ko iyalinsa suka rasa abinci, ko ruwa mai tsabta, ko magani, ko makamashin girki, ko kuɗin kashewa. Wannan ma'auni ya fi kusa da abin da Bahaushe ke nufi da rufin asiri, domin yana duba ko tukunya ta hau wuta.

A binciken yanayin rayuwa da hukumar ƙididdiga ta Ghana ta yi a 2016 zuwa 2017, kashi 23.4 cikin 100 na ’yan ƙasar ne ke cikin talauci. A tsohuwar Jihar Arewa, kafin a fitar da jihohin Savannah da Arewa Maso Gabas daga cikinta a 2019, adadin ya haura kashi 60. A yankin Akra kuwa bai kai kashi 3 ba.

Wannan giɓi yana da tarihi. Turawan Ingila sun mayar da hedkwatar arewa zuwa Tamale a 1907, amma sun riƙe yankin ne a matsayin rumbun leburori, masu zuwa kudu aikin gonar koko da haƙar zinariya da aikin soja da ɗan sanda. Kudu ta samu makarantar sakandare ta Mfantsipim tun 1876. Arewa ba ta samu tata ta farko ba sai 1951, a Tamale. Har yau ’yan mata na barin ƙauyukan arewa zuwa Akra da Kumasi aikin dako, inda ake kiran su kayaye, sunan da aka gina a kan kalmar Hausa ta kaya.

Saboda haka mutumin Tamale yana auna kansa da ma'auni biyu a lokaci ɗaya. In ya dubi ɗan uwansa na ƙauye, sai ya ga shi mai hali ne: yana da babur, da wutar lantarki, da ɗa a makaranta. In ya dubi takwaransa na Akra, sai ya ga shi ɗan arewa ne da aka bari a baya. Wannan ji na biyu ya haɗa mai kuɗi da marar kuɗi, kuma ’yan siyasa sun san haka.

Hagu da dama suna aiki a nan?

Masu karatu a ƙasashen da ke amfani da Faransanci sun saba da rabon siyasa zuwa hagu da dama, wanda ya samo asali daga yadda wakilai suka zauna a majalisar Faransa a 1789. A takarda, jam'iyyun Ghana ma sun rabu haka. NDC ta ce ita ta masu ra'ayin kyautata wa jama'a ce, kuma tana cikin ƙungiyar jam'iyyun gurguzu ta duniya. NPP ta ce ita ta masu ra'ayin kasuwa ce da mallakar dukiya.

A aikace kuwa abin ya cakuɗe. Jerry Rawlings, wanda ya zo da sunan juyin juya halin talakawa kuma ya kafa NDC, shi ne ya karɓi tsarin tsuke bakin aljihu na Asusun Lamuni na Duniya a 1983. NPP, wadda ake kira ta masu kuɗi, ita ta kawo inshorar lafiya ta ƙasa a 2003 zamanin John Kufuor, da ciyar da ’yan makaranta, sannan da sakandare kyauta a 2017 zamanin Nana Akufo-Addo. Kuma jam'iyyun biyu duk sun je wajen Asusun Lamunin neman ceto: gwamnatin John Mahama a 2015, ta Akufo-Addo kuma ta samu amincewar dala biliyan 3 a 2023.

Ke nan wanda ya ce shi ɗan lema ne a Tamale ba lalle yana magana a kan haraji ko girman gwamnati ba. Sau da yawa yana faɗa maka gidan da ya fito ne, da abin da aka yi wa kakansa.

Tabon 1969

Ga Hausawan zango labarin ya faro tun kafin ’yancin kai. Kakanninsu sun zo fataucin goro ƙasar Gwanja, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suka watsu zuwa Kete Karaci da Yeji da Kumasi da Akra da Tamale. A shekarun 1950 wasu shugabannin zango sun shiga jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta yi adawa da Kwame Nkrumah. A 1954 kuma aka kafa jam'iyyar mutanen arewa a Tamale, ƙarƙashin jagorancin S. D. Dombo. Bayan samun ’yanci a 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba na zangon Kumasi zuwa Najeriya, ta kuma haramta jam'iyyun addini da na yanki. Hakan ya sa ’yan adawa suka dunƙule a jam'iyyar UP, wadda NPP ta yau ke ɗauka a matsayin tushenta.

Abin lura shi ne a wancan lokaci da yawa daga manyan zango suna ɓangaren da ya haifi NPP. Abin da ya juya al'amarin shi ne ranar 18 ga Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubun dubatar mutane suka fita, akasari zuwa Najeriya da Nijar da Togo da ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso. Cikinsu har da waɗanda aka haifa a Ghana ba su san wata ƙasa ba. An sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, an raba iyalai.

Fiye da shekara hamsin ke nan, amma a zango har yanzu ana ba yara labarin. Da yake NPP na alfahari da sunan Busia, abokan hamayyarta ba sa gajiya da tuna wa mutanen zango wannan tarihi duk lokacin zaɓe. Rawlings kuma ya samu karɓuwa a arewa saboda abubuwan da ido ke gani: a zamaninsa layin wutar lantarki na ƙasa ya iso Tamale, kuma a 1992 aka kafa Jami'ar Nazarin Ci Gaba, UDS, mai hedkwata a birnin.

NPP ta daɗe tana ƙoƙarin goge tabon. Ta kafa reshe na musamman don zango mai suna Nasara. Ta ba Alhaji Aliu Mahama mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, Musulmi na farko da ya riƙe muƙamin, wanda babban filin wasan Tamale ke ɗauke da sunansa. A 2017 ta kafa ma'aikatar kula da zango da asusun raya zango. NDC ma tana da nata reshen na zango. Duk wannan shaida ce cewa ƙuri'ar zango tana da nauyi a ƙasar da aka taɓa cin zaɓen shugaban ƙasa da tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, kamar yadda aka yi a 2008.

Abudu da Andani

Ga Dagombawa, waɗanda su ne mafi rinjaye a Tamale, akwai wani layin da ya fi na 1969 zurfi. Gidan sarautar Dagbon ya rabu gida biyu, Abudu da Andani, kuma tun shekarun 1950 gwamnatocin Akra ke tsoma hannu a rikicin gadon sarautar. A hankali jama'a suka riƙa danganta gidan Abudu da ɓangaren Busia da NPP, gidan Andani kuma da NDC.

A ƙarshen Maris na 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu a fadarsa da ke Yendi tare da mutane da dama. Da yake NPP ce ke mulki a lokacin, lamarin ya ƙara ƙulla sarauta da jam'iyya. An shafe shekara 17 ba a naɗa sabon sarki ba, sai a Janairun 2019 aka naɗa Ya Na Abukari Mahama na Biyu, bayan sulhun da kwamitin manyan sarakuna ya jagoranta ƙarƙashin Sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu na Biyu.

Addini ma ya shiga lissafin. A bakin mutanen gari an daɗe ana jingina almajiran Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya, da ɓangare ɗaya, ’yan Tijjaniyya kuma da ɗaya ɓangaren, ko da yake a kowane masallaci akwai ’yan lema da ’yan giwa.

Tsarin mulkin 1992 ya hana kafa jam'iyya bisa ƙabila ko addini ko yanki, ya kuma hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya. Amma doka ba ta hana mutum gadon jam'iyya daga mahaifinsa. Abin da ya faru a mazaɓar Tamale ta Tsakiya ya nuna ƙarfin wannan gado. Farfesa Wayo Seini ya ci kujerar a 2004 da tutar NDC, ya bar jam'iyyar a 2006, aka sake zaɓe, kujerar ta koma hannun Inusah Fuseini na NDC. Mutum ya tafi, lema ta zauna. A Tamale ta Kudu kuwa Haruna Iddrisu na NDC ke riƙe da kujerar tun 2005. Amma a mazaɓu irin su Tolon da Karaga, waɗanda ba su fi Tamale arziki ba, NPP na da ƙarfi. Da talauci ne kaɗai ke yanke hukunci, da ba a ga wannan bambanci ba.

Bahaushen zango ba Abudu ba ne, ba Andani ba ne. Amma yana auratayya da Dagombawa, yana haya a gidajensu, yana ciniki da su. Sau da yawa hikimarsa ita ce ya yi shiru a kan sarauta, ya faɗi ra'ayinsa a akwatin zaɓe.

Rumfa a matsayin tsani

Idan aka koma ga rumfunan bakin titi, za a ga inda matsayi da siyasa suke haɗuwa. Ga saurayin da ba shi da aiki, rumfa ita ce hanyarsa ta kaiwa ga babban mutum. Ta nan ake jin labarin ɗaukar aiki, ta nan ake samun kuɗin asibiti in uwa ta kwanta, ta nan ake miƙa sunan wanda za a ba babur ko kujerar Makka. A irin wannan zama, talaka na gaske shi ne wanda ba shi da lambar wayar kowa.

Shi ya sa faɗuwar jam'iyya ke sauya yadda mutum ke kallon kansa ko da kuɗin shigarsa bai sauya ba. Wanda jam'iyyarsa ke mulki yana jin yana ciki. Wanda tasa ta faɗi yana cewa yana cikin rana, sai ya jira shekara huɗu ko takwas.

Abin yana da mummunan gefe. Daga wasu rumfunan ne ƙungiyoyin ’yan banga na jam'iyyu suka fito, irin su yaran Azorka da ake dangantawa da NDC da yaran Kandahar da ake dangantawa da NPP. Bayan tashin hankalin da aka yi a zaɓen cike gurbi na Ayawaso ta Yamma a Akra a Janairun 2019, majalisa ta yi dokar da ta haramta irin waɗannan ƙungiyoyi. Dokar ta shafe sunaye, amma rashin aikin da ya tara matasan a kan benci yana nan.

Masu karatu daga Kano za su tuna cewa an taɓa yin siyasar da ta kira talaka da sunansa. NEPU, wadda aka kafa a 1950, da Malam Aminu Kano sun gina tafiyarsu a kan raba talakawa da masu sarauta. A Nijar ma Sawaba ta Djibo Bakary ta yi kusa da haka. A Tamale irin wannan siyasa ba ta yi saiwa ba, domin kowace jam'iyya ta haɗa sarki da bara, attajiri da ɗan dako, a ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Abin da ke sauyawa

Duk da haka gado ba ya cika ciki. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin 100. Darajar sidi ta faɗi, gwamnati ta sa haraji a kan kuɗin da ake turawa ta waya, sannan ta sake tsarin biyan bashin cikin gida, abin da ya taɓa ajiyar ma'aikata da ’yan fansho. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suka saba kiran kansu masu rufin asiri sun ga albashi na ƙarewa kafin tsakiyar wata.

Zaɓen 7 ga Disamban 2024 ya zo da abin da ba a taɓa gani ba: manyan ’yan takarar biyu duk ’yan arewa ne. John Mahama Bagwanje ne daga Bole. Mahamudu Bawumia kuwa Musulmi ne daga Walewale, an haife shi a Tamale, kuma mahaifinsa Mumuni Bawumia yana cikin jagororin jam'iyyar mutanen arewa ta 1954. Da addini ne kaɗai ke jan ƙuri'a, da Tamale da zangunan Ghana sun bi Bawumia. Mahama ya ci zaɓen da sama da kashi 56 cikin 100, kuma kujerun majalisa na cikin Tamale sun zauna a hannun NDC. Wasu sun karanta sakamakon a matsayin tsohuwar biyayya, wasu kuma a matsayin hukuncin tsadar rayuwa. Mai yiwuwa duka biyun ne suka haɗu a hanya ɗaya a wannan karo.

Gwajin gaskiya zai zo ne ranar da suka rabu, wato ranar da jam'iyyar gado ce ke mulki kuma kasuwa ta yi zafi. Matasan da aka haifa bayan 2002 sun fara jefa ƙuri'a. Ba su ga korar 1969 ba, ba su san Ya Na Yakubu ba sai a hoto, kuma da wayar hannu suna kwatanta rayuwarsu da ta sa'o'insu na Akra da Kano da Dubai.

Ga al'ummomin zango a ko'ina suke, lissafin a fili yake. Unguwar da kowa ya san inda ƙuri'arta za ta tafi, jam'iyyar da take so ba ta da dalilin wahala a kanta, wadda ba ta so kuma ba ta da dalilin gwadawa. Kuma al'ummar da kowa a cikinta ke amsa cewa asiri a rufe yake, ba kasafai ake jin ƙarar magudanar da ta toshe ba, ko makarantar da ba ta da malamai, ko matashin da aka tsare shi da tambayoyi a kan asalin kakansa wajen yin katin ɗan ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa kafin a san inda za a kai kwano.

Zaɓen Ghana na gaba zai zo a 2028. Kafin nan za a sake shafa wa rumfunan Tamale sabon fenti, kuma ’yan takara za su sake shigowa zango da gaisuwar Hausa a bakinsu.